Linzamin da Ba a Gani

Tun ranar da aka fara auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, masu mota suka gaji tsohuwar sha'awar mahaya ta son ganin abin hawansu ya tsere wa na kowa. Sai dai linzamin doki a hannun mahayi yake, na motar zamani kuwa yana ɓoye cikin wani ɗan akwati wanda bai fi girman littafi ba, wato kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Na karanci fannin injina a jami'a, kuma cikin duk abin da na koya babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan akwati da sana'ar da ta taso a kansa, ta sake rubuta umarnin da ke cikinsa domin mota ta ƙara ƙarfi.

Inji numfashi yake yi. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar iska wajen kilo 14.7, don haka yawan iskar da ta shiga silinda shi ke yanke ƙarfin da za a samu. Inji na gargajiya yana shaƙar iya abin da ya sawwaƙa ne kawai. Turbo kuwa, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai cusa iska cikin inji da ƙarfin tsiya, a gudun da kan wuce juyi 150,000 a minti guda. Kwamfuta ce ke yanke yawan matsin wannan iska, da adadin man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, tana bin wasu jadawalai na lambobi da aka rubuta mata tun daga masana'anta. Wanda ya sauya lambobin nan ya sauya halin motar. A injin da ba shi da turbo ribar kaɗan ce, domin babu lambar da za ta ƙara masa iska. A mai turbo kuwa, ana iya jona waya a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama wajibi a motocin Amurka tun 1996, a fito da dawakai masu yawa ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

To, in ƙarfin yana nan kwance, me ya sa masu ƙera motar suka bar shi? Samari da yawa cikin tsarana sun ɗauka rowa ce. Gaskiyar ita ce, iskar da aka matse zafi take yi, kuma cakuɗen mai da iska mai zafi yakan fashe da kansa, ba bisa tsarin da fulogi ya kunna ba. Wannan fashewar tana dukan kan fistan kamar guduma, in ta daɗe sai ta tsaga shi. Abin da ke jure mata shi ne ingancin fetur, wanda ake aunawa da lambar oktan. A Turai 95 ne na yau da kullum, 98 kuma na musamman. Tun a 1982 kamfanin Saab na Suwidin ya sa wa motarsa ƙirar 900 Turbo na'urar da ke sauraren wannan ƙwanƙwasa, da ta ji ta sai ta rage matsin iska. Mai ƙera mota bai san hannun da za ta faɗa ba. Yana barin rata ne saboda gurɓataccen mai, da zafin ƙasa, da tsufan ƙarfe, da mai motar da ke jinkirin juyen baƙin mai. Mai sauya lambobi daga wannan rata yake cin riba.

Motar Golf ta Volkswagen zubi na bakwai ta isa misali. Ƙirar GTI tana da ƙarfin doki 220, ƙirar R kuma 300, alhali duka biyu injinsu lita biyu ne. Amma kafin kamfanin ya kai ga 300 sai da ya sa turbo mafi girma, ya sauya fistan da kan silinda, ya kuma raba ƙarfin ga ƙafafu huɗu. Wanda ya nemi wannan ƙarfi da lambobi zalla ya ɗora wa kuloci da giya da lagireto kayan da ba a auna su da shi ba.

Na ga ƙarshen irin wannan lissafi lokacin da nake koyon aiki a wani gareji a Kano. An jawo wata 'yar Beljiyam mai turbo a tsakiyar watan Afrilu, mai ita bai cika wata uku da sayenta ba, kuma da kuɗin gadonsa ya saya. Da aka buɗe injin, fistan ɗaya ya tsage. Na'urar bincike ta nuna cewa tun a can waje an sake rubuta ƙwaƙwalwar, bisa zaton mai mai inganci da iska mai sanyi. Nan kuwa zafi ya haura digiri 40, kuma ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Maigidana ya juya fistan ɗin a hannunsa, ya dube ni ya ce, "Injiniya, ka ga wannan? Wani ya sha daɗin gudu, wani ya biya kuɗin." Na ce, "Maigida, ai babu yadda za a yi ya gane a wajen saye." Ya ce, "Shi ya sa abin ya zama amana."

Kalmar nan ta amana ita ce ta bi ni har na kammala karatu. Fenti da taya da ƙarar salansa ido da kunne suna tantance su, amma lambobin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba mai ganinsu sai wanda ya rubuta. Su ma manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan jarrabawa ba. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa masu turbo da ke shan dizal umarnin da ke gane lokacin gwaji, sai injin ya tsabtace hayaƙinsa, a kan titi kuma ya fitar da iskar guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Ke nan ilimin da ke kare inji shi ne kuma ke iya yaudarar jama'a, ya danganta da zuciyar mai riƙe da shi.

Abokaina sukan ce in buɗe wannan sana'a, tun da aikin yi ya yi wuya kuma masu sha'awar gudu suna biya da gwaɓi. Ba na ganin laifin sana'ar a kan kanta. Gwani yakan auna mota a kan na'urar gwaji, ya duba man da mai ita zai riƙa sha, ya inganta sanyaya iska, ya tsaya inda ƙarfe zai iya ɗauka, sannan ya rubuta abin da ya sauya domin mai saye na gaba ya sani. In na shiga, a kan wannan sharaɗi zan shiga. Har ma ina ganin aikin da ƙasarmu ta fi buƙata shi ne akasin wanda ake yayi: a karɓi motar da aka tsara domin sanyin Turai, a daidaita ta da zafinmu da ƙurarmu da manmu, ko da hakan zai rage mata dawakai goma. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Direban da ke ciyar da iyali da motarsa ya fi buƙatar injin da zai kai shekara goma a kan hanya, kuma shi nake so ilimina ya amfana.