Daga Zango zuwa Mirya a ƙasa

Kakana bafatake ne. Muna yara a Kano mahaifina kan ba mu labarin yadda yake kora jakuna ɗauke da baƙin Kura zuwa Damagaram, ya sauka a Zango, ya komo da kanwa da dabino da fatu. Ni jikansa na je Legas, na je Makka, amma ban taɓa taka Zinder ba, garin da bai fi kilomita 240 daga ƙofar gidanmu ba. Abin ya daɗe yana damuna. A watan Disamba na 2022, da hunturu ya kankama, muka shirya mu uku a tsohuwar motar wani abokina.

Muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka shiga Ɗan Barto, Matamai, Kance, sai Takeita, inda muka juya gabas. A Tirmini na sa aka tsaya. A nan ne a 1899 sojojin Faransa suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, wanda bai jima ba da kawo wa ƙasar Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu. Yau gonakin gero ne da duwatsu.

Mun sauka a Zango, gidan wani dattijo ɗan'uwan abokina. Unguwar ta ci sunanta, domin nan ayarin Buzaye da fataken Hausa ke sauke kaya a wajen ganuwa, sarki da fadawansa kuma suna Birni. Har yanzu akwai tsofaffin gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar soro. Washegari da asuba muka hau duwatsun Birni, manya-manya kamar an ɗora su da hannu. Daga sama ana hango fadar sarki, da ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, da barikin da Faransawa suka kafa a kan tudu. Haka kuma ana hango 'yan garuwa sun yi layi tun rana ba ta fito ba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwa na da wuyar samu, kuma wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da hedkwatar mulkin mallaka zuwa Yamai a 1926.

Na ga wannan layin da idona, amma bai hana ni wauta ba. A kan dutsen na kawo shawarar mu tafi Mirya a ƙasa, kilomita 18 kacal, mu ɗanɗana abin da kakanninmu suka sha. Mai masaukinmu ya dube mu ya ce, “'Ya'yana, rana ta riga ta ɗaga. Ku bari sai gobe, ku ɗauki jarka.” Na ce, “Baba, ai hunturu ne.” Muka fita wajen ƙarfe tara da robar ruwa ɗaya kowanne.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Muka bar kwalta muka ratsa gonaki, muna hawa kowane dutse da ya burge mu muna ɗaukar hoto. Ƙarangiya ta cika mana safa da ƙafar wando. Iskar hunturu takan busar da gumi tun kafin ka ji shi, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Kafin azahar ruwa ya ƙare. Layukanmu na Najeriya ba sa aiki, taswirar waya ta zama hoto kawai. Sai ɗaya daga cikinmu, mai fama da ciwon suga, ya zauna a gindin gawo ya ce ƙafafunsa sun ƙi. Leɓɓansa sun bushe, maganarsa ta fara sarƙewa. Na san matarsa, na san 'ya'yansa huɗu, kuma ni na jawo shi wannan daji. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Allah Ya kawo wata tsohuwa tana kora jaki da jarkoki biyu. Ba ta tambaye mu daga ina muke ba. Ta sauke jarka, ta dama fura a ƙwarya, ta ce a ba shi kaɗan-kaɗan, kada ya kwankwaɗa. Da ya farfaɗo na ciro jaka guda ta sefa na miƙa mata. Ta ce, “Ɗana, mayar da kuɗinka. In kun isa ku yi mini addu'a.” Ruwan nan kuwa daga rijiya mai nisa ta ɗebo shi. Ta kira wani yaro mai amalanke, shi ya kai mu Mirya bayan la'asar, mu ukun a zaune a kan karan gero. Kukoki da lambunan garin da na yi ta ɗokin gani, da ƙyar na ɗaga ido na dube su.

Da dare, bayan mun komo a kan kabu-kabu, Baba ya gama dariyarsa sannan ya yi mana karatu. Ya ce ayari ba ya tashi sai madugu ya san rijiyar da za a kwana a kanta. Jagaba na gaba, salka cike, a tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta take. Ni da na ɗauka juriyar ƙafa ce gadon kakana, ashe lissafi ne da jin maganar masu gari.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Duk tsawon watannin nan ina jin masana a rediyo suna ta lissafin asarar kasuwanci, ni kuwa tsohuwar nan nake tunawa, wadda ko sunanta ban tambaya ba. Abokina yana nan lafiya, har ya yafe mini. Mun yi alkawarin komawa mu ƙarasa kilomitocin da amalanke ya cinye mana. Baba ya ce jarkar tana nan a zaure.