Daren da na kusa goge muryar Inna da hannuna

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Kun saba ganina a nan ina surutu a kan farashin mai da kuɗin wuta. Yau ma kusan maganar ke nan, sai dai wannan karon har cikin ɗaki ta same ni. Makon jiya saura ƙiris in goge muryar mahaifiyata da hannuna, wai ni mai dabara, ina gudun sayen sabuwar na'ura.

Akwai wata tsohuwar kwamfutar hannu a gidanmu, irin wadda yara ke kira tab. Nexus 7 ce ƙirar 2013, wadda Asus ya ƙera wa Google. Ta hannu na saya shekarun baya. Gilashinta lafiya lau, batirinta na riƙe caji daidai gwargwado. Tsufa ne kawai matsalarta, don Android ɗin da ke kanta ya tsaya a 6.0.1. Babbar 'yata za ta zana JAMB, kuma kun san tun 2015 a kwamfuta ake zana ta. Ta samo manhajar gwaji da ƙawayenta ke amfani da ita, tab ta ce sam ba ta san zancen ba.

Na je kasuwa na tambayi kuɗin sabuwa. Na dawo gida ban ce wa kowa komai ba. Ba sai na faɗa muku dalili ba. A farkon 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, kuma duk wani abu mai gilashi da batiri da dala ake shigo da shi.

Sai na shiga bincike. Akwai wasu masu sa-kai da ke haɗa sabon Android wa tsofaffin wayoyi kyauta, LineageOS sunan aikin nasu. Tab ɗinmu na cikin waɗanda suka yi wa. Sharaɗi ɗaya ne: wurin da aka ware wa manhaja a cikinta ya yi kaɗan, sai an faɗaɗa shi.

Bari in ɗan yi bayani, don in ba a gane wannan ba, ba za a gane wautar da na tafka ba.

Ma'adanar da ke cikin waya ko tab kamar fili ce da aka yanka fuloti-fuloti. A wannan tab ɗin fulotan kusan talatin ne, kowanne da sunansa da aikinsa. Akwai ƙanana masu tayar da na'urar in ka danna maɓalli. Akwai system, gidan Android kansa. Akwai recovery, ɗakin gyara. Can ƙarshe kuma ga mafi girma, userdata, inda hotunanka da muryoyinka da duk tarkacenka suke. A bakin filin kuma akwai wani ɗan kundi, GPT ake ce masa, kamar littafin mai unguwa. Babu kayan kowa a cikinsa. Abin da ya rubuta kawai shi ne: fulotin wane daga nan ya fara, a can ya ƙare. Ma'aunin da yake aiki da shi sakta ne, kowace sakta bayit 512. In kundin nan ya rikice, na'urar za ta tsaya a tsakiyar unguwa ba ta san ƙofar kowa ba, ko da kuwa gidajen na nan a tsaye.

Dabarata ita ce in share sunayen fulotan daga system har zuwa userdata, in sake zana iyakokinsu, in ba system wuri mai yawa, sannan in yi wa userdata fomatin. Na san kayan ciki za su tafi, shi ya sa da rana na kwashe su zuwa laftof. Haka dai na ɗauka.

Bayan isha'i na zauna. Na shigar da tab ɗakin gyara na TWRP, na haɗa ta da laftof, na buɗe wata manhaja mai suna parted. Na sa ta nuna min kundin, na ɗauki hotonsa da wayata, har ina yaba wa kaina hankali. Na fara sharewa ɗaya bayan ɗaya. Ita parted ba ta tambayar ka tabbata ko ba ka tabbata ba, kana bugawa tana rubutawa. Na share na ƙarshe, na ɗora yatsa zan fara zana sababbi, ɗif, aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, don haka tare suka tafi.

Wallahi ba na son in maimaita abin da na faɗa a cikin duhun nan.

Ina lalubar tocila sai uwargida ta ce daga ɗaki, "Abban yara, ka dai kwashe muryoyin Inna ko?"

Na ce, "Na kwashe komai."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ne ya hana ni barci.

A daminar ƙarshe da Inna ta yi tare da mu, 'yata ta riƙa ajiye tab ɗin kusa da tabarmarta tana naɗar hirarta. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, yadda aka yi bikinta, lissafin dangi, wane ya haifi wane, wace ta auri wane, abubuwan da ni ɗanta ban taɓa zama na tambaye ta ba. A wani wurin ma ana jin ta tana dariya tana cewa, "Ke, kashe abin nan, kin ishe ni." Ba mu da muryarta a ko'ina sai nan.

Da safe na kai laftof gidan maƙwabci mai sola. Na buɗe. Hotuna na nan, takardu na nan. Muryoyi babu. Ashe manhajar naɗar murya wata jaka daban take ajiye nata, ni kuwa ban leƙa can ba. Garin neman gira ina shirin rasa ido.

Tab kuma kafin gari ya waye cajinta ya ƙare. Na yi mata caji na kunna, ta tsaya a tambarin Google ta ƙi gaba. Sa'ar da na ci ita ce ban taɓa ƙananan fulotan da ke tayar da ita ba. Don haka in na danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tana shiga fastboot, daga nan kuma ana iya tura mata TWRP daga laftof ya yi aiki ba tare da an rubuta komai a ma'adanar ba.

Na tuna na karanta cewa GPT na da kwafi biyu, ɗaya a farkon ma'adana ɗaya a ƙarshe, kuma manhajar gdisk na iya maido da na farko daga na ƙarshe. Na yi murna. Na buɗe na ƙarshen, na tarar shi ma an share. Ashe duk abin da ka canza, a kwafin biyu ake rubutawa lokaci guda. Kwafin na biyu an yi shi ne don ranar da na farko ya lalace da kansa. In kai ne ka yi ɓarnar da hannunka, tare zai taya ka.

Saura hoton da na ɗauka. Na bi lambobin na sake zana fulotan. TWRP ta nuna min ma'adana: 0MB. Na sake, 0MB. Sai daga baya na gane cewa lambobin hotona a megabayit suke, an ƙiyasta su ne kusa-kusa. Megabayit ɗaya kuwa sakta kusan 2,000 ne, alhali ko da sakta ɗaya ka kuskure farkon fuloti, na'urar ba za ta ga ƙofa ba. Yanzu kundin ba a share kawai yake ba, cike yake da iyakokin ƙarya da ni na rubuta.

Duk inda na duba a intanet shawara ɗaya ce: yi fomatin, za ta tashi. Gaskiya ne, za ta tashi. Inna ce ba za ta dawo ba. Na rufe laftof, na sa tab a leda, na hau adaidaita sai Farm Centre.

Mutum biyu na farko da na nuna wa suka ce filashin za a yi, minti talatin. Na ce a'a. Na ukun wani matashi ne a ɗan ƙaramin shago, ba na jin ya kai shekara ashirin da biyar. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

Ya ce, "Yallaɓai, ka yi fomatin?"

Na ce, "A'a."

"Ka zuba wani abu a kai bayan nan?"

"Ban zuba ba, wuta aka ɗauke."

Ya yi murmushi ya ce, "To ka gode wa Allah da aka ɗauke. Da sauran magana."

Abu na farko da ya yi shi ne abin da ya kamata in yi tun farko. Ya kwafe ma'adanar gaba ɗayanta, sakta bayan sakta, zuwa kwamfutarsa. Aikin ya ci sa'o'i. Na yi azahar na yi la'asar a kasuwar. Ya ce ba ya taɓa kundin kowa sai yana da inda zai koma in hannunsa ya goce.

Sannan ya shiga wani shago ya dawo da wata Nexus 7 irin tamu sak, mai girman ma'adana ɗaya, gilashinta a farfashe. Bai buƙaci gilashin ba. Ya haɗa ta da kwamfuta, ya karanto kundinta a ma'aunin sakta, ya rubuta a takarda da biro. Tunda ƙira ɗaya ce, yankan fulotan ɗaya ne. Amma bai yarda da hakan kawai ba. Ya ce tsarin ajiya na ext4, wanda userdata ke amfani da shi, yana da wata 'yar alama, 53 EF, da ke zaune daidai bayit 1,080 daga farkon fuloti. Ya je saktar da ya rubuta a cikin kwafin tamu, ya ƙirga, ya juyo min da allon. Ga ta nan, 53 EF.

Ya share iyakokin ƙaryata, ya shigar da na gaskiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ainihin sunansa, don da suna Android ke neman fulotansa. Ya buɗe userdata ta yadda za a iya karantawa kawai ban da rubutu. Jakunkuna suka bayyana. Ya ce, "Wacce ce?" Na nuna da yatsa, don bakina ya ƙi.

Ya danna ɗaya. A tsakiyar ƙarar janareto da hayaniyar 'yan kasuwa sai ga Inna: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Yaron ya rage sauti ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya jiƙanta, yallaɓai." Ni dai na juya ina kallon bango.

Wutar da na zaga a daren nan ita ta tsayar da ni kafin fomatin. Da ta ƙara minti biyar, da na gama aikina tsaf, da na kwana ina murna. Hausawa suka ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Amma kada masu wuta su ji daɗi, ban yafe sauran dararen ba.

Muryoyin yanzu suna wuri uku: laftof, filas da na ba ƙanwata, da kuma intanet. Bayan nan ne muka faɗaɗa system yadda ya kamata. Tab ta tashi da sabon Android, yarinya na gwajinta.

Me ya sa na kawo muku wannan dogon labari? Saboda na san ba ni kaɗai ba ne. Halin da ake ciki ya sa kowa na lallaɓa tsohuwar waya, ana canza batiri, ana canza gilashi, ana filashin. Kuma ba abin kunya ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Tarayyar Turai sai da aka kafa doka, wadda ta fara aiki a Yunin 2025, cewa masu ƙera waya da tab su samar da kayan gyara na shekara bakwai, da sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da ƙirar. Abin da suke nema da doka, yaranmu na Farm Centre sun daɗe suna yi da kwalin matattun wayoyi. Mu kuma muna zuwa muna taya musu aiki kamar muna sayen tumatir.

Ga wanda zai taɓa kundin na'urarsa, ga abin da na koya da zufa. Kwashe kayanka, sannan ka buɗe su a inda ka kai su ka gani da idonka. Ajiye kundin a ma'aunin sakta, ka kuma kwafi shi kansa. Kada ka kusanci fulotan da ke tayar da na'ura. Kada ka fara da laftof marar batiri. In kuma abu ya ɓaci, tsaya cak. Share suna a kundi ba ya rushe gida, fomatin da zuba sabon abu a kai su ne ke rushewa.

Ga sauran jama'a kuma, waɗanda ba ruwanku da parted da gdisk: a wayar da ke hannunka yanzu akwai saƙon muryar wani da ba zai sake turo maka wani ba, ko kuma wanda wata rana zai zama haka. Waya na faɗawa ruwa, ana fizge ta a titi, tana mutuwa haka kawai. Daren yau, kafin ka kwanta, tura shi wani wuri na biyu.

Allah Ya jiƙan Inna da dukkan iyayenmu da suka riga mu. Wanda nasa ke raye, ya je ya ajiye waya kusa da tabarma.