Girman Inji Ba Shi Ne Ƙarfin Mota Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana magana a kan tsofaffin motocin a-kori-kura manya na Amurka, waɗanda a kan kawo mana 'yan gwanjo.

Ni mazaunin Ƙofar Ƙwaya ne, inda hanyar Dutsin-Ma ta taso, kullum ina ganin motocin kaya suna shiga gari da hatsi da itace. Abin da ya dame ni shi ne, sai in ji saurayi ya sayar da gonar gado zai sayi mota, ba ya tambayar kome sai lambar inji. In an ce masa lita 5.7 ce sai ya hau murna, alhali bai san abin da a ke aunawa ba.

To, ga bayaninsa. A cikin inji akwai ramuka da a ke kira silinda, inda fistin ya ke kai da kawowa. In an tara faɗin cikin da fistin ya ke sharewa a dukansu, shi ne girman inji. Watau mudu ne na iska da mai da inji ya ke zuƙa. Amurkawa a da da inci su ke awon nan, inci 61 shi ne lita guda. Saboda haka injin Chevrolet mai lamba 350 shi ne lita 5.7, mai 454 kuwa lita 7.4. Na Ford mai 351 lita 5.8 ne, mai 460 lita 7.5. Dukansu silinda takwas gare su.

Amma ku dubi wani abu. Ford sun yi wani inji mai silinda shida a jere, lamba 300, lita 4.9, daga 1965 har 1996. Bai kai waɗancan girma ba, amma masu aikin kaya sun yabe shi ƙwarai, don yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, ga jimiri, ga sauƙin gyara. Mai ɗaukar buhu ja ya ke bukata, ba gudu ba.

Mu tuna kuma da Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A-kori-kura 404 lita 1.6 ce kurum, silinda huɗu, amma wace kasuwar ƙauye ce ba ta kai kaya ba? Tsohuwar Toyota Hilux mai inji 22R ma lita 2.4 ce.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 1923 da ɗari, watau 2023, babban mudu ya zama babban bashi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inji mai silinda takwas yana sha ko da kaya ko babu, in kuwa ya lalace sai a yi ta jiran kayan gyara, iyali na jiran cefane.

Shawarata ga mai saye ita ce ya fara tambayar kansa abu uku: buhu nawa zai ɗauka, wace hanya zai bi, kuma makanikin unguwarsu ya san injin? In ya amsa waɗannan, sa'an nan ya tambayi lamba. Daidai ruwa daidai tsaki. Malamai da akawuna, ku da a ke kawo wa takardun mota ku karanta, don Allah ku fahimtar da jama'a.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Mai Lura da Hanya,
Ƙofar Ƙwaya, Katsina.