Haɗin sautin da ba ya gaggawar sauka

Duk wanda ya koyi fiyano, da haɗa sauti uku aka fara masa, abin da 'yan situdiyo ke kira kod. A danna C da E da G tare, sai kunne ya ji fara'a. A sauke E ɗin da rabin taki, sai jimami ya shigo. Ashe sautin tsakiya, na uku in an ƙirga daga C, shi ne alƙalin da ke yanke hukunci. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina taɓa fiyano, na fi ƙaunar haɗin da aka sallami alƙalin nan daga cikinsa.

A ɗauke E, a sa F a gurbinsa: C, F, G. Wannan shi ne ratayayyen haɗi, wanda makaɗa ke rubutawa da alamar sus4. Sunan ya samo asali ne daga mawaƙan cocin Turai, irin su Palestrina na ƙarni na 16, waɗanda kan riƙe sauti guda daga haɗin baya har ya tsallako cikin sabo, ya ɗan yi karo da shi, sannan ya sauko taki ɗaya a samu natsuwa. A wurinsu bashi ne aka ci, kuma tilas a biya nan take.

Makaɗan jaz na Amurka su ne suka ƙi biya. A 1965 Herbie Hancock ya ɗauki kiɗansa mai suna Maiden Voyage, wanda kusan dukkan haɗe-haɗensa a rataye suke. Kowane yakan daɗe yana shawagi, sannan ya miƙa wa wani irinsa. McCoy Tyner kuma, a ƙungiyar John Coltrane, ya shahara da jera sautuka hurhuɗu a kan juna, abin da ke ba da irin wannan sarari.

Faɗaɗa haɗin ba shi da wuya. Hannun hagu ya riƙe C a ƙasa. Hannun dama ya danna B-filat, wato baƙin maɓallin da ke gab da B ta hagu, tare da D da F. In an ƙara G, an sami cikakken C9sus4. In A aka ɗora a sama, ya zama C13sus4, mai ƙamshi kamar turaren wuta a ɗakin amarya. Sai dai a kiyaye: hannun dama ya tsaya a tsakiyar fiyano, domin in ya gangara ƙasa sautukan kan cakuɗe. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a sauke F zuwa E, a wuce gida wurin haɗin F, ko kuwa a yi zaune a inda ake.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata ƙididdiga da ta daɗe tana ba ni mamaki. A jera sautukan C9sus4: C, D, F, G, B-filat. Guda biyar ne, babu rabin taki a tsakaninsu, kuma a kan irin wannan tsani mai hawa biyar yawancin karin goge da kukuma da garaya ke tafiya. Sau da yawa nakan saurari waƙoƙin fiyano da ake bugawa a situdiyoyin Kano, in ji muryar mawaƙi tana bin karin gida, amma kod uku ko huɗu da mai fiyano ya haddace suna jan ta zuwa fara'a ko kukan da ba ta nufa ba. Ratayayyen haɗi ba ya yi wa murya wannan tilas. Shimfiɗa yake yi mata, ta zauna yadda ta ga dama.

Ban ce a mayar da shi tuwon kullum ba. Waƙar da aka rataye daga farko har ƙarshe ba tare da dalili ba takan gaji da kanta, kamar baƙon da ya tsaya a zaure, bai shiga ba, bai kuma yi sallama ya tafi ba. Gwaninta ita ce sanin lokacin sauka. Ina dai roƙon matasanmu masu fiyano, kafin su ɗora kod a kan muryar Bahaushe, su ɗage yatsan tsakiya su saurara tukuna. Wataƙila su tarar waƙar ta fi su sanin inda za ta.