Kwas Ɗaya, Shekara Ɗaya

'Yan'uwa matasa, duk lokacin da aka tashi daga zumunta ranar Lahadi da yamma, sai wani ƙane ya tare ni a bakin ƙofa: "Yaya, ta yaya zan gama digiri da wuri?" Bari in amsa a nan, da abin da ya same ni.

Na gama sakandare a 2012, na yi shekaru ina tsaron shagon kawuna a kasuwar Sabon Gari. Da na farga sa'o'ina sun yi nisa, sai na shiga IJMB, shirin share fagen da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa. Karatun kusan shekara ɗaya ne, kuma wanda ya ci da kyau yana iya neman gurbi ta DE a hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu. Masu difloma ko NCE mai kyau su ma ƙofar a buɗe take gare su. Haka na shiga Samaru, digirin shekara 4 ya koma 3. Na riƙa lissafi da yatsu: zan gama kafin in wuce shekara 30, in tafi bautar ƙasa, domin wanda ya wuce 30 ranar kammalawa takardar yafewa ake ba shi.

Sai korona da yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 suka zo, na 2022 kuma ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗannan ba a hannuna suke ba. Abin da ke hannuna shi na yi wasa da shi. A ajin ƙarshe akwai wani kwas na ƙarfe 7 na safe, ni kuwa ina kwana a Sabon Gari saboda shago. Kafin in sami bas in isa Samaru, an yi nisa. Gwaji biyu suka wuce ni, na ce jarrabawa za ta cike giɓin. Ba ta cike ba. Kwas ɗin na zangon farko ne, sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Shekarar da IJMB ta rage mini, kwas ɗaya ya cinye ta.

Wani aboki ya ce abin mai sauƙi ne, in je in yi rantsuwar shekaru in zubar da biyu. Na kwana uku ina juya maganar. Da na gaya wa Mama, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗana, ni na haife ka, na san ranar. Wace rana za ka rantse a kanta?" Na rasa ta cewa. Na maimaita kwas ɗin, na gama, na karɓi takardar yafewa. Ban sa kaki ba, kuma har yau in na ga masu bautar ƙasa a PZ nakan ji wani abu a ƙirji. Amma takarduna duka shekara ɗaya suke faɗa.

To ƙannena, ga shawarata. In kana zaune a gida kana jiran sakamakon JAMB shekara bayan shekara, bincika IJMB ko difloma. In ka shiga, ka zauna da malamin da ke kula da ajinku kafin ka yi rajistar kwasa-kwasai, ka san wanne ne sai an ci shi kafin a ɗauki na gaba. Kada ka raina makin gwaji. In kwas ya kayar da kai, ka fara sa shi a rajistar shekara mai zuwa, kada ka bar shi har ajin ƙarshe. In kuma hali ya yi, ka kwana kusa da aji.

Ubangiji ya ba ku hikima, ya kiyaye ƙafafunku daga gajeriyar hanya mai kai mutum ga rantsuwar ƙarya. Amin.