Tsufan Aro

A ƙasar Yauri da wuya ka samu mai hoton kakansa yana saurayi. Sarakuna da ma'aikatan En'e suna da nasu, amma masunci ko manomin albasa da ke zaune a gungu, mai hoto bai cika kaiwa gare shi ba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya cinye garuruwa da tsibirai, aka tayar da mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. An kwashe tukwane da taru da tabarmi, amma kamannin wurin ya tafi ƙarƙashin ruwa. Kakata ta wajen uwa tana cikin waɗanda aka tayar, kuma har ta koma ga Allah ba ta da hoto sai na katin zaɓe.

Wannan giɓi ne ya ja ni ga ɗaukar hotuna masu kama da na da. Matasa kan zo daga Yelwa, daga Wara, har daga Shanga, kowa yana son ganin kansa cikin shigar kakanni. Mafi yawansu sun ɗauka aikin a waya yake, wato a danna wuri guda launi ya koma ruwan ƙasa. Ni kuwa aikina yakan kusa ƙarewa tun kafin in taɓa waya.

Nakan fara da zama wurin tsofaffi in yi tambaya. Yaya ake ɗaura zanen saƙi? Wace hula masunci ke sawa? Daga nan sai shara: a kawar da leda da jarka da silifa, a cire agogon hannu, a nemo kwalekwalen da ba a ɗaura wa inji ba. Nakan jira hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da layukan fuska. Ina hana murmushin salfi, domin mutanen da sun ɗauki tsayuwa gaban kyamara abu mai nauyi. Na koyi da yawa daga hotunan Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Yakan rataya zane a bayan mutum, ya ba shi rediyo ko keke ya riƙe, sai abu guda ya faɗi zamanin gaba ɗaya.

Abin da ya fi wuya shi ne bayan hoton. Kowa yana son a sa shi a bakin tafki, ruwa shimfiɗe har iya ganin ido. To amma wannan ruwan bai cika shekara 60 ba. Kakanninmu kogi suka sani, mai rassa da duwatsu da gungu nan da can. Duk hoton da ke cewa shi na kafin dam ne, alhali ga tafki a bayansa, ya yi ƙarya tun bai buɗe baki ba. Shi ya sa nake neman katangar ƙasa, ko gindin tsamiya, ko inda ruwa ya ƙuntata har ana hango ɗaya gaɓar.

A Snapseed kuwa hannu kaɗan nake sawa. In zare launi, in ɗan duhunta gefuna, in watsa tsaki-tsaki irin na fim. Ba na goge tsagar fuska, ba na haska fata. Ba na kuma ƙara yagewa ko tabon ruwa, domin wahalar da takarda ba ta sha ba bai kamata a ɗora mata ba.

Duk da haka akwai haɗari. Na taɓa ganin wani hotona yana yawo a WhatsApp, an yanke sunana, an rubuta wai wata Bagungiya ce a 1940. Yarinyar kuwa ɗaliba ce, tana nan da ranta. Mutane suna ta yi mata addu'ar samun rahama. Inda tsofaffin hotuna suka yi ƙaranci, na bogi yakan zauna a kujerar na gaskiya, kuma yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka zo, abin ya ƙara sauƙi. In aka nuna maka hoto aka ce Mungo Park ne yana wucewa ta Yauri, ka tuna a 1806 ya mutu a Bussa. Richard Lander da ƙaninsa John sun zo neman takardunsa a 1830. Sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa.

Saboda haka yanzu a tsakiyar hoton nake saka shekarar da na ɗauke shi, a jikin katanga ko gefen kwalekwale, inda almakashi ba zai kai ba sai ya ɓata hoton. Wasu sukan ce, “Malam, ai ka rage masa armashi.” Nakan ce musu kayan aro ba ya rufe katara. Jikokinmu za su zo neman tarihin wannan ƙasa a cikin wayoyinmu, kuma haƙƙinsu ne su san wanne ne kaka, wanne ne jika sanye da zanen kaka.