Gayyar Gyaran Keke A Ƙasar Bukkuyum

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka, domin in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin ƙasarmu ta Bukkuyum, in kuma kawo wata shawara game da keke, wanda tsofaffi ke kira basukur.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Bukkuyum tana yammacin Jihar Zamfara, Anka na gabas da ita, Gummi na yamma. Dā duk muna cikin Jihar Sakkwato, sai a 1996 aka fid da Zamfara. Ƙasar noma ce, Gulbin Zamfara da Gulbin Ka na shayar da fadamunta, ana samun gero da dawa da masara da shinkafa. Garuruwanta kuwa, kamar su Nasarawar Burkullu da Zugu da Gwashi da Adabka da Masama, a warwatse su ke. Da ka sauka daga kwalta sai turba, da rani rairayi, da damina laka, ga ƙayar aduwa da tsidau ko'ina.

Aikina ya kan kai ni waɗannan garuruwa, abin da kuwa na kan gani a zauruka ke nan: keke a jingine, ƙura ta rufe shi, wani ma har kaza ta yi masauƙi a ƙarƙashinsa. Na tambayi wani dattijo na ce, "Baba, me ya sami keken nan?" Ya ce, "Ɗana, ƙalau ya ke, sarƙa ce ta tsinke tun bara waccan, mai gyara kuwa sai ran kasuwa." Kusan kullum amsar ke nan. Ba ƙarfen ne ya mutu ba, ɗan abu ne ƙanƙane ya kwantar da shi: bawul, ko robar birki, ko boris.

Dā keke abin alfahari ne. Kamfanin Raleigh na Ingila har masana'anta ya kafa a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwanni. Malamin makaranta da ma'aikacin gona da mai tallan koli duk a kansa su ke yawo. Da babur ya yi araha sai aka jingine shi, har samari suka fara jin kunyar hawansa.

To, ga shi zamani ya juyo. Ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan da nan, a cikin 2024 kuwa ta wuce naira 1,000, mu na karkara da mu ke saye a kwalba sai mu biya fiye da haka. Kafin wannan, a 2021, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita hawan babur, aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. A lokacin mai keke ne kaɗai bai tambayi kowa mai ba. Mutanen Maiduguri sun riga mu sanin haka, gama tun da aka hana babur a birninsu a 2011 keke ya koma abin hawan ɗalibi da ɗan kasuwa.

Mu kuwa mun san tsadar nisa. A 2010, sa'ad da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da Yargalma, kowa ya ga tazarar da ke tsakanin ƙauye da asibiti. Har yanzu akwai yaron da ke isa makaranta rana ta take, da manomin da ke ɓad da rabin safiya a tafiya gona.

A waɗansu ƙasashe mutane sun sami dabara. A biranen Turai da Amurka akwai rumfunan gyaran keke na 'yan sa kai, inda ba a yi maka gyara, sai dai a ba ka kayan aiki a tsaya kanka ka yi da hannunka. Kusa da mu, a Gana, wata ƙungiya mai suna Village Bicycle Project ta fara aiki a 1999, tana kai kekuna ƙauyuka tare da koya wa masu su gyara a wuni guda, tana kuma koya wa mata da 'yan mata hawa. Wata kuma, World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, tana raba keke mai ƙwari da a ke kira Buffalo a ƙasashe kamar Zambiya da Kenya, ba ta kuwa barin wuri sai ta horar da mai gyara daga cikin mutanen wurin. Hikimarsu duka ɗaya ce: keken da ba mai gyara a kusa, ajiya ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, sunansa gayya. Yadda mu ke taruwa mu nome gonar wani, ko mu ɗora masa jinka, haka za mu taru a kan keke. Shawarata ita ce, kowane gari a sami inuwa ɗaya, ko ta makaranta ko ta ƙofar Hakimi, a tsai da yamma ɗaya a mako. A yi karo-karo a sayi famfo da sifana da filaya da giris da sholisho, a sa a akwati, a rubuta su a littafi. Nan ne aikinmu na akawuna ya ke. Makulli kuwa ya zauna hannun dattijo, gama kowa ya san yadda waɗansu yara ke lalacewa da shaƙar sholisho.

Abin koyarwa ba shi da wuya. A fid da tib, a hura, a tsoma a ruwa, inda kumfa ya taso nan hujin ya ke. A goge wurin, a shafa sholisho, a bari ya sha iska kafin a manna faci, gama gaggawa a nan ita ke sa ya ɓalle a hanya. A laluba cikin taya a zare ƙayar, in ba haka ba an yi aikin banza. Sarƙa kuwa a wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, domin mai da yawa rairayi ya ke kama wa ya cinye haƙora. Keken da ya mutu murus a kwance shi, kayansa su ta da guda biyu.

Wani zai ce za mu kashe wa mai faci kasuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shi za a ɗauka malami, a ba shi hasafi, in kuwa kekuna suka yawaita, babban gyara da cinikin kaya duk wurinsa za su koma. Wani kuma zai ce hanya ba lafiya. Gaskiya ne, keke ba ya maganin ɗan bindiga, wannan nauyin hukuma ne, muna kuwa tuna mata. Amma cikin gari da gonakin kusa da hanyar makaranta, amfaninsa na nan.

Saura masu mota da babur, a ja musu kunne su ba mai keke hanya. A 2001 Ministan Sufuri, Ojo Maduekwe, mai kiran jama'a su hau keke, mota ta tura shi cikin kwalbati a Abuja. In Minista bai tsira ba, ina ɗan makaranta?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 3 ga Yuni ranar keke tun 2018. Ina roƙon sarakunanmu na Anka da Bukkuyum da Gummi, da shugabannin makarantu, su sa baki kowane gari ya buɗe akwatinsa kafin wannan rana ta zagayo. Wanda kuma ya gwada a garinsu ya rubuto wa Edita, mu ji yadda ta kaya.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Bukkuyum.